Wanda Ya Amsa Mini Ƙararrawa a Hanyar Parakou

Jama'a, abin da zan ba ku ba tatsuniya ba ce, kuma ba wani ne ya ba ni labari ba, ni abin ya faru da ni, da rana tsaka, ina cikin hankalina, ban sha komai ba sai koko. Wallahi tallahi haka aka yi. Wanda ya ga dama ya yarda, wanda bai ga dama ba ya bari, ni dai na san ranar na bar yayana a hanya, kuma har yau da furfura ta cinye mini kai ban gane yadda aka yi na bar shi ba.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ƙasar ma Dahome ake ce mata. Mu mutanen Djougou ne, wadda mu a gida Zugu muke cewa, kakanninmu fatauken goro ne da suka yada zango a nan suka ƙi tashi. Da jakuna suka ƙare sai sana'ar ta koma kan keke. Ni da yayana Mamman, uwa ɗaya uba ɗaya, mu ke ɗaukar goro daga Zugu mu kai Parakou, mu juyo da gishiri da kananzir da duk abin da jirgin ƙasa ya sauke. Ni ne ƙarami a ɗakinmu, shi ya sa kowa Auta yake ce mini, har na yi gemu sunan bai sake ni ba.

Hanyar kuwa ba wannan kwaltar da kuka sani ba ce. Burji ce, jar ƙasa da tsakuwa, in kamyo, wato babbar motar kaya, ya bi ta sai ta yi kunya-kunya kamar kwanon rufi, kana tafiya haƙoranka na haɗuwa. Kwana biyu muke yi. Ka baro Zugu duwatsu na bayanka, ka yi ta hawa da gangara, ka shiga daji mai manyan itatuwa inda sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga mutum ba sai birai, sannan ka sauko wajen kogin Weme inda gonakin doya da shinkafa suke bin gaɓa. Wuri ne mai kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. In damina ta kusa fita komai kore shar, duwatsun nan baƙaƙe sun tsaya cikin daji kamar an kife tukwane. Amma ni yanzu ko a hoto na ga irin wurin sai in kawar da kai.

To ga abin da nake so ku gane, don in ba ku gane shi ba za ku ce ni sakarai ne. Huhun goro da muke ɗaurawa a bayan keke ya fi kan mutum tsawo, ga faɗi, ga nauyi, don goro a jiƙe yake cikin ganye. In kana kan keke ba ka ganin bayanka ko ka waiwaya, huhun kawai za ka gani, kuma a kan tsakuwa in ka kuskura ka karkata wuya tayar gaba ta zame, sai ka tsinci kanka a ƙasa goro a kanka. Tsayawa ma aiki ce, don in ka sauke ƙafa a hawa, sai an riƙe maka keken kafin ka sake hawa. Saboda haka muke magana da ƙararrawa. Na gaba ya buga biyu, na baya ya amsa da ɗaya, ma'ana ina nan, ci gaba. In wani ya buga uku, to an samu matsala, kowa ya tsaya. Babanmu ya ce ba sabon abu ba ne, a zamanin ayari ma jakin ƙarshe ake rataya wa ƙararrawa don na gaba su san wutsiyar tafiya ba ta yanke ba. Kuma babba shi ke tafiya a baya, don haka kullum ni ne a gaba, Yaya Mamman na bina.

Ƙararrawarsa ko cikin ɗari zan fitar da ita. Ta taɓa faɗuwa ta tsage, sai muryarta ta dushe, ba ta cewa kirrin kamar tawa, sai wani ƙyar-ƙyar kamar tsohuwa mai mura. Na sha ce masa ya sayi sabuwa, ya ce shi da ita sai mutuwa. Ashe da gaske yake.

Ranar da abin ya faru ita ce rana ta biyu ta tafiyar, ƙarshen damina. Mun kwana a ƙauyen da muka saba kwana kusa da kogi, muka yi asuba, muka yayyafa wa goro ruwa, muna shan koko sai aka gaya mana manyan motoci sun dame babbar hanya ta zama taɓo, gara mu bi ta gefen kogi, wata 'yar hanya ta cikin gonaki da ke komawa babbar hanya can gaba. Mun san ta, mun sha bin ta. A nan ne Yaya Mamman ya fara tsokanata kamar yadda ya saba, wai jiya na sauke ƙafa ya fi sau goma, wai ni ba ɗan keke ba ne, kaza ce mai neman wurin ƙwai. Mutanen wurin suka yi ta dariya. Ni kuwa a lokacin zuciya gare ni kamar kananzir, kaɗan nake jira.

Na ce, "Yaya, yau in na hau keken nan ƙafata ba za ta taɓa ƙasa ba sai Tourou, bakin Parakou."

Ya ce, "Allah ya nuna mana, Auta. In ka yi haka ni zan saya maka tsire da hannuna."

Maganar da muka yi ta ƙarshe ke nan a duniya. Maganar tsire, jama'a.

Muka kama hanya. Da hantsi muka iso wani rafi da ke zubawa cikin Weme, mai zurfin gaɓa, an gitta masa gungume uku an zuba ƙasa a kai, shi ne kadarkon. Ruwan a lokacin bai kai gwiwa ba, yana can ƙasa yana gudu cikin duwatsu yana ƙara. A da nan mukan sauka mu tura, amma ni na riga na yi rantsuwa, sai na matse feda na haye a guje, na ji gumaguman sun yi motsi a ƙarƙashina, ban kula ba, na kama hawan da ke gaba ina nishi. Da na kai sama na buga biyu. Aka amsa da ɗaya, ƙyar, muryar nan mai mura. Na ce a raina to, tsoho ma ya haye, na ci gaba.

Daga nan fa tafiya ta yi daɗi. Hanya ta bi ta tsakiyar gonakin doya, ga kogi can hannun dama yana leƙowa ta cikin itatuwa, ga sanyi-sanyi, tsakuwa na ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin taya. Duk bayan ɗan lokaci in buga biyu, a amsa ɗaya. Wani lokaci amsar na nesa kaɗan, in rage gudu, in sake bugawa, in ji ta matso. Daidai yadda yayana yake yi, har da ɗan jinkirin nan nasa kafin ya amsa, don shi komai sai ya ja rai. Na yi masa magana ma sau biyu ko uku, na ɗaga murya na ce ya shirya kuɗin tsire, ban ji ya tanka ba, amma ban damu ba, don da huhu a tsakaninku da ƙarar tsakuwa ba a cika jin magana ba.

Akwai abu ɗaya da ya isa ya tsayar da ni, kuma shi ne yake hana ni sukuni har yau. Bayan mun koma babbar hanya, na ce mun, kun ji ni ko, har yanzu bakina bai saba ba, na iske wani Bafillace tsaye a gefen hanya da sandarsa a kafaɗa, shanunsa na kiwo. Na yi masa sallama ina wucewa, ya amsa, sai ya ce cikin 'yar Hausarsa, kai kaɗai da wannan kaya a dajin nan? Na yi dariya na ce ga yayana nan a baya, na buga biyu don in nuna masa. Aka amsa. Na ga mutumin nan ya kalli bayana, ya sake kallona, ya sauke sandar daga kafaɗa, ya ja da baya har ya kusa faɗawa cikin ciyawa. Ni kuma na ce a raina mutanen daji dai, ƙararrawa ma tsoro take ba su. Da na sauke ƙafa a nan, da na koma da sauran lokaci. Ban sauke ba, saboda kada a ce mini kaza.

Wajen azahar na hango bishiyoyin mangwaron Tourou, bakin Parakou ke nan. A nan akwai wani dattijo mahauci, Baba Isa, mai tukubar tsire a bakin hanya, abokin babanmu ne, shi ke riƙe mana keke in za mu sauka. Cinyoyina na rawa, maƙogwarona ya bushe, amma raina fari tas. Ina dab da tukubar na buga biyu na ƙarshe, aka amsa ɗaya, kusa ƙwarai, kamar tayarsa za ta taɓa tawa. Baba Isa ya kama mini kan keke, na dira, ban ko gaishe shi ba na zagaya bayan huhu ina cewa, Yaya ka gani ko, fito da kuɗin tsire.

Ba kowa. Hanya ce miƙaƙƙiya a wurin, kana ganin nesa sosai, ba keke, ba mutum, ba ko akuya. Na dubi ƙasa, jar ƙasar da ɗan danshi, sawun taya ɗaya ne tak ya shigo, nawa.

Baba Isa ya ce, "Auta, da wa kake magana? Ina Mamman?"

Na ce masa yanzun nan ya amsa mini, ai ka ji. Dattijon nan ya ce ya ji ƙararrawa biyu daga hannuna, ya kuma ji wata ɗaya, ya ɗauka ni na ƙara. Da ya faɗi haka na ji wani sanyi ya taso mini daga tafin ƙafa har tsakiyar kai, duk da zufar da nake yi. Innalillahi kawai nake maimaitawa. Shi ya fi ni hankali, bai tsaya tambaya ba, ya yanke igiyar huhun ya bar goron a nan ƙasa, ya rufe namansa, ya ari keken maƙwabcinsa, muka juya.

Ban san yadda na yi wannan komawar ba. Ina tafe ina buga uku, ina buga biyu, ina kiran sunansa, babu amsa ko ɗaya, abin da ya bi ni tun hantsi ya yi tsit kamar ya gama aikinsa. Sai a lokacin, da na fuskanci inda na fito, na ga abin da huhu ya tare mini duk yini: hadari baƙi ƙirin ya sauka can kan duwatsu ta arewa. Inda muke ko ɗigo bai faɗo ba. Baba Isa ya kalli hadarin ya kalle ni, ya ƙara matsa feda, dattijo da shi. Mu duka mun san ruwan da aka yi a kan dutse a rafi yake kwana.

La'asar ta yi sanyi muka iso kadarkon. Tun daga nesa muka ji rurin ruwa. Rafin da na bari bai kai gwiwa ba ya cika ya batse, ja wur, yana tafe da rassan itace. Gungume biyu sun tafi, saura ɗaya. Keken yayana na can gefe ya maƙale a saiwar wata bishiya, tayar gaba a sama tana juyawa da ruwa, huhun ya fashe, goro fari da ja na ta yawo a bakin gaɓa. Na yi kukan kura zan faɗa, Baba Isa ya rungume ni ta baya muka zube tare, yana cewa in ka shiga uwarku biyu za ta rasa.

Muna nan sai ga mutanen wata 'yar tungar manoma sun fito, ƙarar ruwa ta kawo su duba gonakinsu. A cikinsu akwai wata mata mai ɗan shekaru, da ta ga keken sai ta ɗora hannu a ka ta fasa kuka. Ba ta jin Hausa, yaren Bariba take yi, Baba Isa ne ya riƙa fassara mini, kuma na lura yana yi yana haɗiye wasu kalmomin don tausayina, sai da na matsa masa ya faɗa mini duka.

Ta ce da hantsi ta zo wucewa da doya a kai, ta ji ƙararrawa na ta bugawa uku-uku daga ƙasan kadarko. Ta leƙa ta ga mutum kwance a bakin ruwa, gungume ɗaya ya mirgino ya danne masa ƙafa, kekensa a gefensa. Ta sauka ta gwada ɗagawa, ko motsi bai yi ba. Da ransa, da hankalinsa, har yana yi mata murmushi, sun fahimci juna da ɗan yaren Dendi da suke ji su biyun. Ta ce masa bari ta ruga ta kira maza daga gona, da ɗan nisa amma za su zo kafin rana ta take. Sai ya ce mata a'a, kada ta wahalar da mutane suna tsakiyar aiki, ƙanensa na nan ya juyo, ni da ita ma mun isa. Ya ce ta saurara. Ya miƙa hannu ya buga uku. Ta ce wallahi, da kunnenta, ta ji an amsa daga saman hawan nan, can bayan lanƙwasar hanya kaɗan, ƙararrawa mai zaƙin murya, kirrin kirrin. Suka jira. Ya sake bugawa, aka sake amsawa, ta ƙara matsowa. Suka yi ta haka, ita ga jika ta bari a gida ba lafiya, sai ya ce mata ta tafi abinta, kaya ne suka yi wa yaron nauyi, yana turowa ne a hankali.

Baba Isa ya ce, "Ta ce abin da ya faɗa mata na ƙarshe shi ne, je ki, Inna, Auta ba ya barina."

Ta ɗauki doyarta ta tafi, ba ta ma ga dalilin gaya wa kowa ba. A lokacin da ake wannan, ni ina can na yi nisa, ina buga biyu ana amsa mini da muryarsa, shi kuma yana buga uku ana amsa masa da tawa.

Kwana huɗu muna bin gaɓar rafin har inda ya shiga Weme, da manoma da masunta, ba mu same shi ba. Ba mu da kabarin da za mu nuna. Keken kawai muka ciro, na kwance ƙararrawar, ɗan maɓallin da ake dannawa ya lanƙwashe saboda bugu. Da na koma Zugu aka yi masa salla ba gawa. Innarmu ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Bayan an watse ta kira ni ɗaki, ta sa na ba ta labarin tun daga koko har ƙarshe, ta saurara ba ta katse ni ba, sannan ta ce, "Auta, ko sau ɗaya ba ka sauka ka duba shi ba?" Na ce ko sau ɗaya. Ta gyaɗa kai ta ce Allah ya jiƙansa. Ba ta sake ta da maganar ba har ta rasu, ni kuma ban sake iya haɗa ido da ita sosai ba.

Mutane sun faɗi abubuwa iri-iri. Wasu suka ce mutanen ɓoye ne na bakin ruwa, shekara da shekaru suna jin ƙararrawar matafiya har sun koya. Wani malami ya ba ni rubutu na sha. Wani ɗan boko, akawu a tashar jirgi, ya ce mini wai akwai tsuntsu a dajin mai kuka kamar ƙarfe, na dube shi kawai, don in na buɗe baki a lokacin za a yi abin kunya. Wane tsuntsu ne ya san biyu ya san ɗaya, ya san tsagaggiyar ƙararrawa, ya raka mutum har Tourou? Ni dai ban san mene ne ba, kuma ban san abin da muka yi masa ba. Abin da na sani shi ne kadarkon ni na girgiza shi da na haye a guje, wannan kam ba aljani ba ne.

Da rani ya yi na koma wurin ni kaɗai, da rana, keke ba kaya, ban gaya wa kowa ba. Rafin ya bushe ƙayau, sai yashi da duwatsu, an gitta sababbin gumagumai. Na tura keken na haye, na tsaya a saman hawan, na daɗe ina faɗa da zuciyata, sannan na buga biyu. Aka amsa da ɗaya, ƙyar, a bayana. Wannan karon na juya nan take, ba huhun da zai tare ni. Ba komai sai tsofaffin kunyoyin doya. Ƙararrawar yayana kuwa tana Zugu cikin gwangwani a ƙarƙashin gadona. Ina tsaye sai na ji daga ƙasan kadarko an buga uku. Aka ɗan jira, irin jiran nan nasa, aka sake buga uku.

Na sauka, jama'a. Na san ba shi ba ne, ko in ce ina zaton ba shi ba ne, amma na sauka, na tona yashin nan da hannuna har farcena ya yi jini, ina kiran Yaya. Ban samu komai ba. Da na hau keke zan tafi aka ci gaba da bugawa a bayana, uku-uku, har na yi nisan da na daina ji, kuma wannan ne karo na biyu da na tafi na bar wurin ana kirana.

Daga ranar na cire ƙararrawar kekena, na bar fataucin goro, na dawo Parakou na zauna a unguwar Banikanni ina facin taya har ƙarfina ya ƙare. In an kawo mini keke gyara nakan gyara komai, amma ƙararrawa sai dai mai ita ya gwada abarsa in ya yi nisa da rumfata. An sha gaya mini cewa kwanansa ne ya ƙare, na kuma yarda, ni Musulmi ne. Amma yarda ba ta hana ni jin ukun nan ba duk sanda hadari ya haɗu ta arewa.

Ku da kuke hawa keke yanzu kuna bin hanyoyin daji don nishaɗi, na ga har da masu zuwa daga nesa da hulunan roba, ba zan ce kada ku je ba. Amma in kun fita ku biyu, kada ka yarda da amsar da kunnenka ya ji. Tsaya, sauke ƙafarka, ko za a yi maka dariya, ka juya ka ga ɗan'uwanka da idonka, ka kira sunansa ya dube ka. In kuwa ka buga an amsa, ka juya ba ka ga kowa ba, to kada ka tsaya mamaki kamar yadda na tsaya a gaban tukubar Baba Isa, ka koma da gudu, wataƙila kai ruwan bai riga ka ba.